Neman kalma: "faɗan karnuka" ko "haɗa karnuka faɗa"?

1. Jama'a, ga abin da ya tsayar mini da alƙalami a makon nan. Ina fassara wani rubutu kan tarihin Ingila, sai na ci karo da dog fighting da bull-baiting. Na farkon na rubuta masa "faɗan karnuka" na wuce abina. Da na dawo bita sai raina ya ƙi kwanciya. Faɗan karnuka ai shi ne wanda muke gani a bayan mahauta: biyu sun ja daga a kan ƙashi ɗaya, yara na ihu, kafin ka ankara ɗaya ya naɗe wutsiya ya ranta a na kare. Babu hannun kowa a ciki. Wanda Turawa ke nufi kuwa mutum ne ke shirya shi, tun daga kiwo har zuwa kuɗin caca.

2. Sai an ji yadda abin yake kafin a raɗa masa suna. A Ingila da sa aka fi yi a da, shi ne bull-baiting ɗin. A ɗaure bijimi a turke da igiya mai tsawo, a saki karnuka. Gwanin kare shi ne mai rarrafe ƙasa-ƙasa har ya cafki hancin sa ya ƙi saki. Wanda bai iya ba, ƙaho ya ɗauke shi ya wurga sama, mai shi ya ruga ya tare shi kafin ya fāɗi. Daga nan karen bulldog ya samo sunansa, wato karen sa. Har imani suka yi cewa naman san da karnuka suka wahalar ya fi laushi, wasu garuruwan ma tara suke cin mahaucin da ya yanka sa ba a yi masa haka ba. A Landan kuma, a unguwar Southwark, dabbar beyar ake ɗaurewa, kuma Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya tana cikin masu sha'awar kallo.

3. A 1835 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta duka. To, sa ba ya ɓuya, amma karnuka biyu suna shiga bayan mashaya a rufe ƙofa. Nan kasuwar kare da kare ta buɗe a ɓoye, da jinsin da aka samu daga barbarar karen sa da ƙananan karnuka masu kamun ɓera. Akwai al'adar da har yanzu nake jinjinawa: bayan an auna nauyin karnukan an yi musu wanka, sai a samu wani ya lashi gashin karen abokin hamayya, don a tabbata ba a shafa masa guba ko wani abu mai ɗaci ba. Mutum da hankalinsa, harshe a jikin kare, saboda caca!

4. Da na tambaya a wani zaurenmu na masu fassara, shawarwari suka yi ta zuwa. Wani ya ce "damben karnuka". Na ce Malam, a yi haƙuri, kada mu ci mutuncin dambe. Ɗan dambe da ƙafarsa yake shiga fage, ya yi kirari, makaɗi ya wasa shi, in ya ga ba dama ya ce ya fasa. Wani ya ce "karo", amma karo na masu ƙaho ne, shi ya sa "karon raguna" ya zauna daram.

"Kokawar karnuka" ce ta ɗan ja hankalina, amma a Japan kaɗai za ta yi aiki. A can karnukan Tosa na yankin Kochi har muƙaman 'yan kokawar sumo ake ba su, a yi wa zakara ado da igiya da ƙyalle, kuma karen da ya yi kuka ko ya juya baya ya fāɗi. Tun ƙarni na 14 an san wani mai mulki, Hojo Takatoki, da haukan wannan kallo.

5. Wata dattijuwar malamar Hausa ce ta warware mana na bull-baiting. Ta ce, "Ɗana, me ka yi da cuna? Ba ka taɓa jin an ce ya cuna mini kare ba?" Kunya ta kama ni, don kalmar tana bakina tun ina yaro. Saboda haka bull-baiting ya zama "cuna wa sa karnuka", na beyar ma haka. Kada dai a ce "hawan ƙaho", wannan tsakanin mahauci ne da sa, gaba da gaba, babu kare a tsakani.

6. Ɗayan kuma ashe malamanmu sun riga mu. Akwai hadisin Ibn Abbas a Abu Dawud da Tirmizi kan hani ga tahrishi tsakanin dabbobi. Malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma mu fassarar ce ta dame mu, kuma a karatun zaure "haɗa dabbobi faɗa" ake cewa. Na ɗauka: dog fighting shi ne "haɗa karnuka faɗa", masu yi kuma "masu haɗa karnuka faɗa". Wani ya koka cewa ya yi tsawo ga kanun labarai. Gaskiya ne, amma kalmar "haɗa" ce ke nuna mai laifin. Da aka ɗaure ɗan wasan ƙwallon Amurka Michael Vick a 2007, ai ba don karnukansa sun yi faɗa ba ne, don ya haɗa su ne.

7. Saura pit, wato wurin da ake haɗa karnukan faɗa. Na ga inda na'urar fassara ta mayar da sunan karen nan pit bull "bijimin rami", har na ƙware da shayi. Wurin ba rami ba ne, ɗan fili ne da aka kewaye da katako, da layi a kusurwar kowane kare da zai tsallaka ya nufi abokin faɗansa. Ni "fage" na rubuta. Sunan karen kuma na bar masa kayansa, fitbul, yadda masu kiwon karnuka a Kano da Kaduna suke kiransa.