Wace kalma za mu ba "cohors" ta sojan Rum da Hausa?

Jama'a, ga wata kalmar Latin da ke ba masu rubuta tarihi da Hausa wahala: cohors, musamman irin wadda Rumawa ke girkewa a bakin iyaka, wadda sojojinta ba 'yan ƙasar Rum ba ne. Na ga an rubuta "runduna", na ga "sojojin haya", na ga "sojojin taimako". Babu wadda ta kwanta mini a rai cikin ukun.

Runduna ta yi mata yawa. Babban rukunin sojan Rum shi ne legio, mutum wajen 5,000, dukkansu 'yan ƙasa. Ita kuwa wadda muke magana a kanta yawanci mutum 480 ne, an kasa su kashi 6, kowane kashi mutum 80 da jami'insa. Akwai babba mai kusan mutum 800, akwai kuma wadda ake haɗa mata mahaya dawaki 120. In mun kashe "runduna" a kan wannan, ranar da legio ta zo me za mu ce mata?

Shawarata a ce bataliya. Na san wani malami zai ce ai aro ce. Haka ne, ranka ya daɗe, amma aron da ya tsufa a bakinmu tun zamanin kakannin da aka kwasa zuwa yaƙin Bama. Kowa ya ji bataliya ya san taron soja ne na 'yan ɗaruruwa, mai lamba, mai kwamanda ɗaya, mai barikinsa. Cohors ke nan.

Rigimar tana rabi na biyu na sunan, wato auxilia, sunan da Rumawa ke kiran wannan ɓangare na sojansu. A ƙamus ma'anarsa taimako ce, shi ya sa ake cewa "sojojin taimako". To amma Bahaushe in ya ji haka, 'yan agaji zai hango, ko masu ɗaukar kaya a bayan mayaƙa. Ku dubi yaƙin Mons Graupius da aka yi a arewacin Birtaniya wajen shekara ta 83. Tacitus, marubucin tarihin Rum, ya ce gwamna Agricola ya jera waɗannan sojoji 8,000 a sahun gaba, da mahaya 3,000 a gefe da gefe, ya bar rundunonin 'yan ƙasa a baya, don nasara ta fi armashi in ba a zubar da jinin Barume ba. Batabiyawa da Tungurawa, ƙabilun yankin Holan da Beljiyam na yau, ne suka shiga da takobi. Wa ya taimaki wa a nan?

"Sojojin haya" ma ba ta shiga. Ɗan haya na tafiya in kwangila ta ƙare ko kuɗi suka yanke. Waɗannan kuwa shekara 25 suke yi, da albashin daula, da rantsuwar biyayya ga sarki, a ƙarƙashin kwamanda Barume. In mutum ya gama, sai a ba shi shaida a kan faranti biyu na tagulla cewa ya zama ɗan ƙasa. Ladan ke nan da ake sayar da ƙuruciya dominsa.

Ga misalin da na fi so. A Vindolanda, wani bariki a arewacin Ingila kusa da inda Sarki Hadrian ya fara gina ganuwarsa a shekara ta 122, an fara tono 'yan allunan katako masu rubutun tawada a 1973. Ɗaya daga ciki rahoton ƙidaya ne na bataliya ta 1 ta Tungurawa, mutanen yankin Beljiyam ta yau, a ƙarƙashin kwamanda Iulius Verecundus. A rubuce mutum 752 ne. Amma 456 ba sa nan: 337 suna wani bariki mai suna Coria, 46 an tura su gadin gwamna, wani jami'i yana Landan, sauran sun watsu nan da can. Cikin 296 da suka rage, 15 ba lafiya, 6 sun ji rauni, 10 na fama da ciwon ido. Duk wanda ya taɓa zama a bariki zai gane wannan takarda. Soja ne na dindindin, mai rajista da akawu, ba gayyar yaƙi ba da ke watsewa bayan raba ganima.

Saboda haka na ce mu bi abin da doka ta kira su. A dokar Rum, ɗa (wato ba bawa ba) wanda ke zaune cikin daula amma ba shi da 'yancin ɗan ƙasa sunansa peregrinus, baƙo. Daga cikin irinsu ake ɗibar mafi yawan waɗannan sojoji. Kuma baƙuntar ta kan zama biyu, domin sau da yawa nesa da gida ake kai su: a Carvoran, kan ganuwar Hadrian ɗin nan, maharba ne daga Hama ta ƙasar Sham ke gadi cikin ruwan sama da sanyi. Kalmata dai ita ce bataliyar baƙi.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi, kuma na karɓe shi. In bataliya ta daɗe a wuri ɗaya, 'ya'yan yankin take ɗauka, sunan ƙabilar farko kawai ke saura a tuta. Sannan a shekara ta 212 Sarki Caracalla ya ba kusan duk 'ya'yan daula 'yancin ɗan ƙasa, bambancin ya dushe. Duk da haka, a ƙarni biyu na farko, lokacin da aka fi rubutu a kansu, "baƙi" ta fi "taimako" faɗar gaskiya.

Wajen rubuta suna kuwa, a bi tsarin da muka saba ji a labarai: Bataliya ta 1 ta Tungurawa, Bataliya ta 9 ta Batabiyawa. Legio ta riƙe runduna. Saura ala, rukunin mahaya zalla mai mutum wajen 500. Ni "bataliyar barade" ta zo mini, amma masu sanin harkar fada su faɗa mana ko barade ta yi wa talakan soja nauyi.