Haruffan sitika na ɓarewa daga allunan adon da nake yi, in sayi injin yanka ko in dakata?

Maman Iman, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sana'ar hannu a taimaka mini da shawara. Ina yin allunan adon ɗaki a gida, irin waɗanda ake rubuta sunan amarya da ango, ko "Barka da zuwa", ko Bismillah ta ƙofar falo, wani lokaci da sunan jariri idan an yi haihuwa. Kafintan unguwarmu ke yanka mini katako, ni in shafa fenti, haruffan kuma wani mai shagon buga bana ke yanko mini su da sitika, in dawo gida in liƙa. Alhamdu lillahi ana saye, musamman masu zuwa jere.

To tun da zafin nan ya shigo haruffan suke ɗagowa. Daga baki suke farawa, su nannaɗe, ƙura ta shige ƙarƙashi, shi ke nan. Na Larabci sun fi saurin lalacewa, ɗigo da wasali ne ke fara zubewa. Wata da ta sayi wa ƙanwarta a Argungu ta turo mini hoto, ɗigon ba'un Bismillah babu shi, allon ma ya ɗan kantare. Mai shago ya ce laifin fentina ne, kafinta ya ce sitikar ce ba ta da kyau. Ƙarshen watan nan kwasata ce a adashe, ina tunanin in haɗa da abin da ke hannuna in yi odar injin Cricut in riƙa yanka abina da kaina, ko zan huta. Ga kuma aikin wata amarya da na karɓa, biki saura kwana 10. Me kuka gani?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Anti ki ɗiga sufa gulu a bakin haruffan, ko ki bi saman duka da banish. Haka maƙwabciyata take yi.

Sanusi Mai Zane, Gusau:
Hajiya kada ki sa sufa gulu, fari-fari zai bari a gefen harafi, ya ƙone fentin. Banish na mai kuma tinar da ke cikinsa tana iya cin gam ɗin sitika, farin allo kuma ya koma ruwan ɗorawa bayan 'yan watanni.

Kafin in ce komai, wane fenti kike sawa? Kuma yaushe kike liƙa rubutun bayan kin shafa?

Maman Iman:
Fentin mai ne na gwangwani, Malam Sanusi. Idan na shafa da yamma, washegari in na taɓa na ji bai kama hannu ba sai in liƙa. Wasu kuma ragowar fentin ruwa na bango nake sa musu, don ya fi saurin bushewa.

Sanusi Mai Zane:
To ga matsalar nan, kuma inji ba zai magance ta ba. Injin yanka kawai yake yi, ba shi ke riƙe harafi a jikin allo ba.

Fentin mai samansa ne ke bushewa a kwana ɗaya, cikinsa yana nan yana fitar da tururin tina na tsawon kwanaki. Idan kika rufe shi da sitika, tururin nan ba shi da hanyar fita sai ta ƙarƙashin gam, ya sassauta shi, ya yi ƙuraje. Masu yin sitikar da kansu suna cewa a bar sabon fenti kamar mako 3 kafin a liƙa. A zafinmu yana saurin ƙarfi, amma ni ban taɓa liƙawa ƙasa da mako guda ba, kuma sai na sansana, in da sauran warin fenti in ƙara masa kwana. Fentin ruwa mai arha kuma nasa ciwon daban: shafa tafin hannunki a jikinsa, za ki ga farin gari. A kan garin nan kike liƙawa, ba a kan allon ba, kamar mai manna filasta a fatar da aka barbaɗa wa hoda.

Yadda nake yi: in goge katakon da samfefa lamba 120, in bi da 220 har ya yi sumul. In share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, in bari ya bushe. Sai sila ko andakot, wato shafin farko da ake yi wa katako kafin fenti, in sake bi da 220 a hankali, sannan fenti shafa biyu marasa kauri, ba guda mai kauri ba. Ranar liƙawa in sake share allon, kuma in yi aikin da sassafe a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, fanka a kashe. Idan na ɗora rubutun sai in murje shi sosai da tsohon katin ATM, in janye tef ɗin ɗauka, wato wanda ake ɗauko haruffan da shi daga takardarsu zuwa allo, a kwance a hankali, ba in fizge shi sama ba. Daga nan in bi bakin haruffan da handiraya kaɗan, in danna da yatsa. Gam ɗin sitika da dannawa yake kamawa, kuma sai ya kwana biyu yake cika ƙarfi, saboda haka kada allo ya bar hannunki ranar da kika liƙa.

Kafintanki ma bai yi ƙarya ba. Sitika iri-iri ce. Mai arhar nan da ake yi wa fosta da ita tana tsukewa in ta ji zafi, za ki ga baƙin layi ya zagaye harafi, gam ne ya fito ƙura ta manne. A Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a wajenku, ɗaki mai rufin kwano ba ya raga mata. Ki tambayi mai shagon ko yana da Oracal 651, ta kamfanin Orafol na Jamus, ita ce mai gam na dindindin, lambar tana rubuce a takardar bayanta. Akwai 631 mara sheƙi, wannan an yi ta ne don a iya ɓare ta daga bango, ba ita kike so a katako ba. Kuma ko mai kyau ce, in nadin ya shekara biyu yana gasuwa a shago, gam ɗin ya mutu.

Baba Kafinta, Jega:
Ɗiyata, zancen Sanusi gaskiya ne, ni ta wajen icce zan ƙara miki. Allon da kinka ce ya kantare, ɗanyen katako ne. 'Yan katako na kawo shi daga kudu da ruwanai a ciki, in ya sha iskar hunturu ya bushe gefe guda, dole ya lanƙwashe ko ya tsage, rubutun da ke bisa kuwa sai ya saki. In za ki yi da icce na gaske, ki ce a ba ki wanda ya daɗe a jingine. Malaina ba ta da nauyi, tana amsar fenti. Maɗaci ya fi kyau da ƙarko, jan nan nasa ko fenti ba ya so, sai dai nauyi da tsada.

Amma ga wagga sana'a taki, ni MDF zan ce, wato allon garin katako da anka matse, ko filawud mai kyau. MDF fuskarsa sumul take tun daga kamfani. Abokin gabansa ruwa ne, in ya jiƙa kumbura yake, ba ya komawa. Bakin da anka yanka shi ke shan ruwa, to ki shafe shi da Top Bond da kinka sirka da ruwa kaɗan, in ya bushe ki goge, kuma ki yi wa bayan allon fenti shi ma. Mutane na barin baya tsirara, damina ta zo bango ya yi sanyi, allo ya lalace. Kada a rataya shi makewayi ko kusa da wurin wanke-wanke. In kina goge shi ki ɗaure hanci, ƙurarsa akwai magani a ciki, kuma ki kore yara daga wurin.

Ki bar sayen guntaye. Falle guda ƙafa 4 ne a ƙafa 8. In anka yanka ƙafa 1 a ƙafa 2, allo 16 ke fita, sai ɗan abin da zarto ya ci. Mai kaurin milimita 9 ya ishe ki. Ki raba kuɗin fallen gida 16, kin san abin da allo guda ya ci ke nan.

Ummu Sultan:
Baba mun gode, har ni na ƙaru. Wallahi maƙwabciyar tawa ma allonta ya yi ɗorawa, yanzu na gane dalili.

Hajiya Yar Zuru:
Ni ba sana'ata ba ce, mai saye ce, na yi wa 'ya'ya jere ba ɗaya ba. Abin da zan ce miki Maman Iman, ki karɓo allon Argungu ki sake mata wani ba tare da ta biya ba. Ɗakin amarya kowa shiga yake, kuma tambayar farko ita ce "wa ya yi miki wannan?" Sannan don Allah ku rage rubutun nan mai siririyar jela da ba a iya karantawa. An kawo wa ɗiyata wani, har yau baƙi na tambaya ko sunan ango Nasiru ne ko Nazifi.

Sanusi Mai Zane:
Hajiya kin taɓo wurin. Siririn harafi gam ɗin da ke bayansa kaɗan ne, shi ya sa ɗigo da wasali ke riga kowa faɗuwa. Ga rubutun Larabci ni na daina barin sitika a jiki gaba ɗaya. Juya aikin nake: in tsince haruffan in bar kewayensu, in manna a allo, in shafa fenti a gurbin, in ɓare sitikar. Rubutu ya zama fenti, babu abin da zai ɗago. Akwai wadda aka yi musamman don haka, Oramask 813, shuɗiya ce ana hango katako ta cikinta, amma ko 631 ɗin nan tana yi. Sirrin kada fenti ya zurara ƙarƙashi shi ne ki fara shafa launin allon kansa a gurbin, ya toshe bakin, in ya sha iska ki bi da ruwan gwal ko baƙi da guntun soso, dangwalawa ba ja ba. Ki ɓare tun fentin bai gama ƙarfi ba.

Malama Safiya, Kaura Namoda:
Ina da Cricut, yayana ya zo mini da shi, don haka bari in faɗa miki abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Yana yanka da kyau, babu musu. Amma faɗin tabarmarsa inci 12 ne, mai tsawon ita ce 12 a 24, duk allon da ya wuce haka sai kin yi gutsi-gutsi kin haɗa. Tabarmar gam gare ta, a ƙurarmu ba ta jimawa take daina kamawa, ita da wuƙar kuma ba a samunsu a kasuwar Gusau, sai na yi oda daga Kano ko Legas. Manhajarsa Design Space tana son data. Larabci kuma in na rubuta kai tsaye haruffan rarrabewa suke, sai na tsara a manhajar zane ta CorelDRAW na mayar da rubutun zane sannan na ɗora. Haka ƙ da ɗ da ɓ, yawancin salon rubutu masu ado ba su da su, ki rubuta "Ɗakin Amarya" ki ga akwati a wurin harafin farko. Da hannu nake ƙara lanƙwasar.

Da kuɗina zan saya, fulota, wato babban injin yanka sitika irin na masu bana, zan nema, mai faɗin santimita 72, ta China. Tana cin nadi kai tsaye ba tabarma, kuma masu gyaranta suna kusa. Amma a yanzu ban ga abin da zai sa ki sayi ko ɗaya ba. Ki sayi nadin sitika mai kyau naki, ki ajiye a ɗaki mai sanyi a tsaye, ki riƙa kai wa mai shago yana yanka miki kina biyan kuɗin yanka kawai. Ranar da kika ga kuɗin yankan da na Keke sun fi ƙarfin ribar, lokacin inji ya yi.

Abu Ammar:
Ni ban yarda a hana ta ba. Mace mai aiki a gida, kullum tana aike shago, wani lokaci ba wuta a ce ta dawo gobe. In tana da hali ta saya abinta.

Malama Safiya:
Shi ma injin da wuta yake aiki, Abu Ammar, kuma sai da kwamfuta ko waya mai ƙarfi. Ba hana ta na yi ba, na ce ta fara gyara allon.

Malam Na Makaranta, Argungu:
Allah ya sa albarka a sana'a. Tunatarwa ce kawai. Malamai sun yi saɓani kan rataya ayoyi a bango don ado, wasu sun ƙyale, wasu sun karhanta, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ba saɓani a kai shi ne girmama rubutun. Tarkacen da kuke tsincewa, wanda siffar sunan Allah ko aya ta fito a jiki, kada ya shiga shara, a tara a binne a wuri mai tsarki. Kuma duk allon aya a ba wanda ya iya ya duba shi da Alƙur'ani a hannu kafin ya fita. Ɗigo ne kawai ke raba ba'un da ta'un da nun. Na taɓa ganin Ayatul Kursiyyu a wani falo an tsallake kalma, mai gidan bai sani ba.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na kira ta Argungu, za ta ba direba ya kawo mini. Inji kuma na dakata, zan fara da falle guda na MDF da nadin sitika. Malam Sanusi, saura na amaryar nan. Allon na riga na shafa masa fentin mai jiya, fari, sunaye biyu ne da boko da "Barakallahu lakuma" a sama. Kwana 10 zai isa?

Sanusi Mai Zane:
Zai isa in ba ki taɓa shi ba. Ki jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, ba a cikin leda ba, har kwana 7. Sunayen ki ce a yanko su da kauri, ki liƙa a rana ta 8. Larabcin ki yi shi da fenti yadda na faɗa, amma ki fara gwadawa a guntun katako yau ɗin nan, kada hannunki ya koya a kan allon mutane. Wajen kaiwa kuma ki sa kwali a fuskarsa, kada a ɗora shi a but ɗin mota tare da kuloli.

Baba Kafinta:
Kuma maratayi biyu za ki sa a baya, ba guda ba. Ki ce ma kafintan ya ba ki sukuru gajeru, milimita 9 ba ta da zurfi, dogo zai ɓullo ta gaba.