Saura sati bakwai bikina, man haɗi ya rikita min fuska

Amarya mai jiran gado:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, a yi min afuwa zan ɗan ja zancen. Bikina saura sati bakwai in Allah ya kai mu. Ni wankan tarwaɗa ce, kuma kalata ba ta taɓa damuna ba, tabon ƙuraje ne dai a goshi da kumatu tun ina sakandare. Da aka sa rana, wata ƙawata ta haɗa ni da wata mai sayar da man haɗi a Instagram. Ta ce nata kayan gargajiya ne zalla, kurkum da zuma da madara da man kaɗanya, babu bilicin ko ɗigo. Ta aiko min da wata farar roba, ba suna ba komai a jiki, sai ɗan sitika da ta rubuta “na dare” da biro, ta haɗa min da sabulu guda.

Ban rufa sati biyu ba fuskata ta yi luwai, tabon ya dushe, duk wadda ta gan ni sai ta tambayi me nake shafawa. Na yi wajen wata uku a kai. Daga nan na lura fuskata ta fi wuyana haske, in na shiga rana kumatuna su yi jawur suna raɗaɗi, ga wasu siraran jijiyoyi da suka fito a gefen hanci. Da man ya ƙare na yi 'yan kwanaki ban shafa ba, sai ƙananan ƙuraje suka feso min a haɓa da kewayen baki, ga ƙaiƙayi, fatar tana saɓa. Na yi mata magana ta ce dattin ciki ne yake fita, in sayi na amare wanda ya fi ƙarfi, naira dubu 35.

To in koma in ci gaba har a gama biki sannan in daina? Ga shi an riga an biya kuɗin dilka. Sannan ni ban taɓa sa fandeshan ba, hoda da kwalli kawai na sani, ina tsoron ranar kamu mai kwalliya ta lafta min abin da zai ƙara tayar da fuskar.

Maman Ilham:

Amarya ni dai in ni ce, zan koma in lallaɓa har a gama biki. Hoton biki sau ɗaya ake yinsa. Bayan kin tare sai ki daina a hankali. Allah ya sanya alheri.

Anty Nas:

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Maman Ilham ki yi haƙuri, a nan kam ban bi ki ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba likitar fata ba, kuma ban ga fuskarki ba, amma abin da kika lissafa mun saba ganinsa. Kurkum da zuma ba sa goge tabon shekaru cikin sati biyu. Abin da ke yin wannan saurin yawanci maganin sitiroyid ne mai ƙarfi, irin na tub da ake sayarwa a kemis, wanda in kika duba kwalinsa za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Masu haɗi suna matse shi cikin wani man su dama, su zuba kurkum don kala. Magani ne na gaske, likita kan rubuta shi na ɗan taƙaitaccen lokaci don wasu cututtukan fata, amma fuska ba ta jure masa. Yana kwantar da kumburi yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa da farko ake ganin haske da santsi. In aka daɗe sai fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, wasu gashi ya fito musu a kumatu, masu shafawa a jiki kuma nankarwa ta tsattsage musu cinya da hammata. Ranar da aka daina sai fatar ta yi bore, irin wanda kike gani yanzu. Ba wani dattin ciki da ke fita ta haɓa.

In kin koma, ƙurajen za su lafa cikin kwana biyu-uku, gaskiya ne, kuma da haka ake riƙe kwastoma. Amma sati bakwai da za ki ƙara, musamman da wanda ta ce ya fi ƙarfi, boren da zai biyo baya sai ya fi wannan, kuma a gidan mijinki zai same ki.

Abu na biyu da ake zubawa a man haɗi shi ne sinadarin haskaka fata da ake rubutawa hydroquinone. Wanda ya daɗe yana shafa shi, shi ne yake samun wannan baƙin mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, da wuya ya goge. Na uku zaiba, ita kuma ƙoda take taɓawa, har jaririn da ke ciki ko yake shan nono ba ya tsira. Ba banza NAFDAC ta ce a 2023 maganar bilicin ta zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan ba.

Ki je ki ga likitan fata cikin satin nan, kada ki bari sai an kusa. In kina Kano akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, in Zariya ce akwai a Shika. Ki tafi da robar da sauran sabulun, ki faɗa masa wata nawa kika yi kina shafawa ba tare da ragi ba. Wani lokaci sukan canza wa mutum zuwa mai sauƙi a janye a hankali, wani lokaci su haɗa da maganin sha. Wannan hukuncinsa ne, ba na group ba. Kafin nan ki wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ki shafa mai marar turare, basilin ma ya isa a inda ke saɓa. Banda lemon tsami, banda goge fuska da soso ko sukari. In za ki fita ki sa man kare rana mai lamba 30 ko sama, don fatar da ta yi siriri rana na taɓa ta sai sabon tabo.

Ya Falmata:

Maganar dilka, mu a Maiduguri da ita muka tashi. Dilka murza ce, ana cuɗa ta a jiki har datti da matacciyar fata su faɗo, halawa kuma cire gashi ce da narkakken sukari. Duka biyun lafiyayyar fata suke so. Ki yi ta jiki abinki, amma ki ce wa mai gyaran kada ta kusanci fuskarki, ko turaren dukhan ne ki fitar da kanki daga bargon. Kuma ki tambaye ta me ta zuba a dilkar, don yanzu wasu na ƙara mata man haske saboda amarya ta fito fes cikin sati ɗaya. Ta asali ba ta mayar da baƙa fara, sheƙi da laushi take sawa.

Hajiya Babba:

'Yata, shi angon da wace fuskar ya gan ki ya ce yana so? Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri. Ki bi maganar Anty Nas. Ki kuma kiyayi masu ce miki ki koma sabulun salo don na gargajiya ne. Da toka ake yinsa, yana da kaifi, a fuskar da ta riga ta ji ciwo yanka zai yi.

Zee mai kwalliya:

Amarya barka da shiri. Ni sana'ata ce, bari in yi miki maganar ɓangarena. Kada ki yarda ranar kamu ta zama ranar farko da fandeshan zai taɓa fuskarki. Ki nemi mai kwalliyarki yanzu ki tambaye ta sunan duk abin da za ta sa miki, ki roƙe ta ta ɗiba miki kaɗan-kaɗan. Ki shafa ɗan ɗigo a bayan kunne ko cikin damtse, ki bar shi, ki sake gobe da jibi a wuri guda. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙuraje, kin san ba naki ba ne. Ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa. In kika haɗa uku rana guda aka samu matsala, ba ki san wanne ne mai laifin ba. Cikakkiyar kwalliyar gwaji kuma ki bari sai likita ya ce fuskar ta kwanta, kamar saura sati biyu, ki wuni da ita ki ga yadda take da gumi.

Wajen kala, tunda fuskarki ta fi wuyanki haske, da wuya da ƙirji za a daidaita, ba da fuskar ba. Ana ja layi biyu ko uku a kan muƙamuƙi, ki fita tsakar gida da madubi, wanda ya ɓace a fata shi ne naki. Fitilar shago ƙarya take yi. Kuskuren da na fi gani shi ne amarya ta nace sai an sa mata mai haske, hoto ya fito fuska toka-toka hannu daban. Sannan kalar ƙarƙashin fata ta bambanta, wata ja-ja ce wata rawaya-rawaya, shi ya sa na ƙawarki ba lallai ya karɓe ki ba ko da haskenku ɗaya.

Ki sayi soson kwalliyarki da maskara naki na kanki ki tafi da su. Ban ce duk masu sana'ar nan ƙazamai ba ne, amma ranar Asabar ɗin da mutum ya yi amare huɗu da ƙawayensu, yaushe ya wanke buroshi? A bayan kaya kuma ki duba hoton 'yar roba mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe. Maskara wata uku ake jefar da shi. Gam ɗin gashin ido ma a gwada shi, ya fi komai kumbura wa amare ido.

Ummu Haidar:

Tunda an taɓo kwalli, a yi hattara da na dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dalma ce. A Amurka, a birnin Boston a 2011, an samu jariri da gubar dalma a jininsa, da aka bi diddigi kwallin da aka kawo daga Najeriya ake sa masa, aka auna aka tarar sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da ita ba. Sai baƙin lalle: abin da ke sa shi baƙi ƙirin cikin minti talatin sinadarin rinin gashi ne, wasu yana tayar musu da bororo daidai zanen fulawar. In bai taɓa karɓarki ba, ko rinin gashi na sa ki ƙaiƙayi, ki tsaya a jan lalle.

Amarya mai jiran gado:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya na ji faɗa, na karɓa. Na samu ganin likita ranar Talata. Anty Nas, tambaya ɗaya: in fuskar ba ta gama warkewa ba har ranar, zan iya yin kwalliyar? Ita kuma mai man tana ta kirana wai ta rage min dubu biyar.

Anty Nas:

Ki tambayi likitan ranar Talata, shi zai ga yadda fatar take. Yawanci in babu inda ya fashe ko yake ruwa, kwalliya marar nauyi ta 'yan awoyi ba ta hana komai, muddin kin wanke ta a daren ba ki kwana da ita ba. Ja da ƙaiƙayin sukan ragu cikin makonni, jijiyoyin da suka fito su ne masu jinkiri, kuma kalarki ta asali za ta dawo, kada ki tsorata ki ce baƙi kike yi. Mai man kuma ki ce ta rubuto miki sunan duk abin da ke cikin robar da lambar rajistar NAFDAC, likita ne yake nema.

Zee mai kwalliya:

In ja bai gama tafiya ba, ki gaya wa mai kwalliyarki tun kafin ranar, akwai abin da ake ɗan ɗiga wa wurin kafin fandeshan ya rufe shi ba sai an lafta ba. Ki rage yawan zaman kwalliyar ma: kamu da dina sun isa, ranar ɗaurin aure da walima hoda da jan baki kawai.