Firintar 3D mai matsakaicin kuɗi: wacce kuka saya, kuma yaya kuka same ta?

Mai gyaran waya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son sayen firintar 3D ta kan tebur, irin mai narka zaren roba, wato filamen. Abin da zan fi bugawa shi ne akwatunan ƙananan kayan lantarki, maƙalan waya na mota, da 'yan sassan da kan karye a rasa su a kasuwa. Idona yana kan Bambu Lab A1, Creality K1C da Prusa MK4S. Bidiyo kam na kalla har na gaji, kowa tasa yake yabo. Waɗanda suka riƙe da hannunsu nake son ji.

Injiniya, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tunda ka ambaci mota, fara tsai da robar da za ka yi aiki da ita kafin ka tsai da na'ura. Robar da ake kira PLA ita ce mafi sauƙin bugawa, amma daga digiri 60 take fara yin laushi. Na taɓa barin maƙalin PLA a gaban mota cikin watan Afrilu, kafin la'asar ya sunkuya, wayar tana ƙasa. PETG tana kaiwa wajen 80, ABS da ASA kuma kusan 100. To su waɗannan biyun na ƙarshe ba sa son iska ta taɓa su ana cikin bugu, sai kusurwoyin abin su ɗage daga farantin da ake bugu a kansa ko jikin ya tsage. Saboda haka suna buƙatar rufaffiyar na'ura. A cikin ukun da ka lissafa K1C ce kaɗai rufaffiya, A1 da MK4S a buɗe suke. Ni P1S ta Bambu nake amfani da ita, rufaffiya ce, tana buga abin da ya kai milimita 256 ta kowane ɓangare, ita kuwa K1C 220 ce a faɗi da tsawo, 250 a tsaye. Idan za ka buga ABS, ka ajiye ta kusa da taga, warin ba na zama a ɗaki ɗaya ba ne.

Malamar fasaha, Zariya:
Mu A1 muke da ita, muna buga wa ɗalibai samfurin giyar inji da sauran sassansa don darasi. Abin da ya fi burge ni shi ne ita take auna farantinta da kanta kafin kowane bugu, ba ruwanka da zura takarda ƙarƙashin nozul, wato bakin da robar ke fitowa, kana murɗa ƙusoshi. Mun haɗa da abin nan mai ɗaukar nadin filamen huɗu don buga launuka. Yara suna so, amma duk sauyin launi sai ta tofar da guntun roba a gefe, wani lokacin tarin abin da ta zubar ya fi abin da aka buga nauyi. Kai da akwatuna za ka yi, ka bar shi, ka sayi filamen da kuɗin. Da hunturu kuma, buɗaɗɗiyar na'ura tana shan ƙura. Muna lulluɓe ta da zane idan an tashi, farantin kuma a wanke da sabulun wanke-wanke, in ba haka ba shimfiɗar robar ta farko ba ta kamawa.

Mai haɗa sola, Sakkwato:
Duk ba ku taɓo babbar magana ba, wato wuta. Malam, ka duba takardar bayanin kowace. A wutar bolt 220, A1 tana iya jan har wat 1300 lokacin da faranti ke ɗaukar zafi, P1S kuma 1000. 'Yan mintoci ne, daga nan sai ta sauko sosai, amma ƙaramar inbata a waɗannan mintocin take yankewa. K1C wat 350 aka rubuta mata, MK4S 240. Sannan kada maganar cewa idan wuta ta dawo na'urar tana ci gaba daga inda ta tsaya ta ruɗe ka. Gaskiya ne tana tuna wurin, amma idan an ɗauke wuta aka daɗe, farantin ya huce, abin da ake bugawa da kansa yake saki. Ko bai saki ba, za ka ga layi a jikinsa daidai inda aka tsaya, kuma nan yake fara karyewa. Akwati babba yana cin awanni, don haka ni ba na kunna tawa sai a kan batir.

Ɗalibin injiniyanci, Yamai:
Ni MK4S na saya a warwatse na haɗa da kaina. A Prag ta ƙasar Cek ake yin ta, kuma sassanta da yawa su ma bugawa aka yi, idan ɗaya ya karye kana iya buga wani. Haɗawar ta sa na san kowane bel da kowace waya a cikinta. Sai dai ta fi sauran tsada nesa, ga kuɗin jirgi da na kwastan a kai.

Injiniya, Kaduna:
Ɗana, kai karatu kake yi, haɗawa riba ce gare ka. Shi mai shago ne, kwastoma na tsaye.

Ɗalibin injiniyanci, Yamai:
Haka ne Baba, amma ranar da ta tsaya ai shi ne makanikin, ba wani a unguwar. Kuma ko wacce ya zaɓa a cikinsu, nozul ɗinta nata ne daban, ba irin na tsohuwar firintar nan Ender 3 ba da ake samu ko'ina. Ya sa nozul biyu ko uku na milimita 0.4 da faranti na biyu cikin odar tun farko.

Malamar fasaha, Zariya:
A ƙara da bokiti mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi, don ajiye filamen. Da damina PETG tana shan laima, za ka ji tana ƙaras-ƙaras a nozul, bugun ya fito da gashi kamar yanar gizo-gizo.

Mai gyaran waya, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inbata ta 1kVA ce a shagon, kuma firij ɗin lemo yana kanta. Ke nan tsakanin K1C da P1S, Malam na Sakkwato me ka gani?

Mai haɗa sola, Sakkwato:
Da 1kVA da firij a kai, P1S ba za ta tashi lafiya ba sai ka ƙara inbata ko ka ɗumama farantin da wutar gari. K1C za ta shiga. Turo min girman batiranka in lissafa maka awa nawa za su riƙe ta da dare.