Wa ya taɓa zama ajin manya na adabi, silima da waƙa?

Malama daga Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna so mu farfaɗo da darussan yamma na manya a unguwarmu. Kafin mu nemi ɗaki da malami, duk wanda ya taɓa zama irin wannan aji a nan Damagaram ya faɗa mana abin da ya riƙe shi da abin da ya kore shi.

Tela daga Zango: Wa alaikumus salam Malama. Ni ban wuce aji uku a lakwal ba, na shiga ina jin kunya. Malaminmu bai fara da littafi ba. Kaset ya sa mana na mawaƙin nan Ma'azu Ɗan Alalo, ya ce kowa ya faɗi abin da ya ji. Nan fa tsofaffi suka ɓalle da bayani: wannan kirarin wane ne, wancan habaici da wa ake, me ya sa algaita da kakaki ba na kowa ba ne sai fada. Wani dattijo ya ɗauko mana zancen Sarki Tanimu da ganuwar Birni har aka kira magariba. Malamin rubutawa kawai yake a allo, mu muna kwafa. Da haka hannuna ya saba da rubutun Hausa, don maganar da nake rubutawa na riga na san ta tun ina yaro. Abin da ya riƙe ni ke nan.

Hajiya daga Sabon Gari: Ni lokaci ya kore ni. An sa darasi bayan la'asar, daidai sa'ar ɗora tukunya. Mata muka fara da yawa, muka watse ɗaya bayan ɗaya. Ku tambayi mata tukuna, Malama.

Tsohon ma'aikacin asibiti: Gaskiyarki Hajiya. Namu na silima ne, da dare. Mun kalli aikin Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1972, amma daren da ban manta ba shi ne na Sarauniya. Malamin ya fara karanta mana wani yanki na littafin Abdoulaye Mamani na 1980, yana mayar da shi Hausa, sannan muka ga fim ɗin Med Hondo na 1986. Aka yi ta gardama kan yaƙin Lugu na 1899, inda Sarauniya ta kara da sojan Faransa, kuma kowa ya san ayarin sojan nan garinmu ya nufo. Wasu suka ce littafi ya ƙara gishiri, wasu suka ce marubuci yana da wannan dama. Da an bar mu da Faransanci zalla, rabin ajin ba zai buɗe baki ba.

Ɗalibar jami'a: Baba, in an sake buɗewa a sa fim ɗin Aïcha Macky na 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara. Ƴar garin nan ce, kuma iyayenmu suna da abin cewa a kai.

Malama daga Birni: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, safiyar Asabar za ta yi muku? Malam tela, ko dattijon nan yana nan da rai? Muna so mu je mu gaishe shi, mu roƙe shi ya buɗe mana zama na farko.