Ɓera a ɗakin haya a ƙasar waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a ƙasar waje, kuma tun shigowar sanyi ɓera ya addabe ni a ɗakina, har barci yana gagarata. Yaya zan yi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara toshe kafofin da ke gefen bututun ruwa da soson ƙarfe, domin kafa mai faɗin milimita 6 kacal ta ishe shi shiga, sannan ka ɗana tarko a jikin bango inda yake bi.

Amsa ta 2: Ni ban goyi bayan guba ba, saboda yakan mutu a cikin bango ya yi wari. Ka sanar da mai gidan a rubuce.

Amsa ta 3: Kada ka share kashin ɓeran a bushe. Ka jiƙa shi da ruwan bilic na wanki, ka kwashe da safar hannu.