Neman kalma: awon zuciyar ɗan tayi da na'ura

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 9 zan shiga situdiyo, kuma takardar da likita ya ba ni da Turanci take, kan auna girman zuciyar ɗan tayi. Abu biyu suka tsaya min a wuya: ultrasound da cardiothoracic ratio. A agaza.

Ungozoma: Wa alaikumus salam. Na farko sikanin ne, duk matar da ta zo awo haka take cewa. Na biyun gwada girman zuciya ne da faɗin ƙirji. Tsakanin mako 18 zuwa 22 na ciki aka fi dubawa, a hoton da ɗakunan zuciyar huɗu suka fito tare. Lafiyayya takan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na filin ƙirjin, tsininta na kallon hagu, tana bugawa 110 zuwa 160 a minti. Lokacin ko girman goro ba ta kai ba.

Malamin Hausa: Hajiya, sikanin ba Hausa ba ce. Shekara nawa ina cewa "madubin amo"? Amo na'urar take turawa wanda kunne ba ya ji, ya daki tsoka ya dawo, ya zama hoto. Me ya rage?

Ɗan Maraɗi: Mu nan eko muke cewa. Amma kullum ta Kano ce Hausa, tamu shiru.

Mai shirin lafiya: In na ce eko, wallahi sai a ɗauka Legas za a tura mai cikin.

Malamin Hausa: Da sikanin ta Ingilishi da eko ta Faransa duk jirgi ɗaya. Raina harshenmu ne kawai.

Ungozoma: Allah ya gafarta Malam, asibiti da likita fa, daga ina muka samo su? Na taɓa ce wa wata "hoton ciki", ta ƙi hawa gado, wai irin hoton ƙashi ne zai taɓa mata yaro. Sai da na ce sikanin ta kwanta. Kai kuma ɗan'uwa, kar ka ce "kumburin zuciya" a rediyo, hankalin masu ciki zai tashi. Ka ce ta fi yadda ake tsammani girma, za a sake dubawa.

Mai shirin lafiya: To, sikanin, da "awon zuciya da ƙirji". Zan ambaci eko sau ɗaya saboda masu saurare daga Nijar.

Malamin Hausa: Awon na yarda. Sikanin kuwa ba da yawuna ba.